Tudun da Idon Mikiya Ya Gano

Wanda bai ga Idon Mikiya a ɗakin gwaji ba, bai ga ilimi na tafiya da ƙafa biyu ba. Shi ne shugaban sashe, kuma ba a taɓa yin rigar aiki mai farin tasa ba. Da kansa yake jiƙa ta a sabulun gari mai ƙara haske, in ya shigo sai ka runtse ido.

Akwai na'urar da yake ji da ita kamar 'yar fari. Ana ɗura mata ruwan gwaji da allura, ta rarrabe sinadaran ciki ɗaya bayan ɗaya, ta haska musu fitila. Duk wanda ya yi ƙyalli, komai ƙanƙantarsa, sai ta zana masa tudu a allo.

"Ni da ita kaɗai muke gani a gidan nan," in ji shi. "Ku ido kawai gare ku."

Rannan sai ga wani tudu da babu shi a littafi. Ruwan rijiya, tudu. Ganye, tudu. Kai, har maganin tari! Gogan naka ya daina amsa gaisuwa. Ya raɗa wa sabon sinadarin rabin sunansa, ya gayyato shugabar cibiya ta zo ta shaida.

Inna mai kula da na'urar, wadda ta shekara ashirin a kanta, ta ce, "Ranka ya daɗe, a gwada ruwa zalla mana tukuna."

"Haba Inna! Faɗuwar gaba asarar namiji."

Ranar taro ya yi jawabin awa guda. Shugaba ta gama saurare, ta ce a gwada ruwa zalla. Inna ta ɗura, layin allo ya miƙe sumul, babu tudu.

"Kawo nan, ku ga hannun gwani," in ji shi. Ya ɗebi ruwan nan dai, ya goge bakin allurar a hannun rigarsa yadda ya saba kullum, ya ɗura.

Tudu ya tashi, har ya fi na baya.

Inna ta ɗauko fitilar gwaji ta haska masa hannun riga, rigar ta kama ƙyalli tun daga wuya har gwiwa.

"Ranka ya daɗe," ta ce a hankali, "sinadarin nan ai a kanti ake sayar da shi."

Wallahi har tausayi ya ba mutane. Sunan da ya raɗa bai bi sinadarin ba, amma wanda aka raɗa masa ya bi shi har gida: Wanki Ya Fita.