Hayaƙin da Ya Tashi Daga Aljihuna a Toranke

Da ana ba mutum damar goge safiya ɗaya daga rayuwarsa, da ba zan tsaya dogon tunani ba: safiyar ɗaurin auren Sagiru zan goge. Na manta abubuwa da yawa saboda tsufa, har sunayen jikokina nakan haɗa, amma wannan safiya ta ƙi barina.

Sagiru ɗan yayana ne marigayi, a hannuna ya tashi a ƙauyenmu Balan. Tun yana ƙarami ba ya barin kwali ko soso ya wuce shi, sai ya haɗa abin wasa da shi. Da ya girma ya je Kano ya koyo haɗa ƙananan jiragen sama, irin waɗanda ake tuƙawa da rimot daga ƙasa. Mu a gida mun saba, amma da ya ga yarinya a Toranke, Hafsatu, sai baffanta Alhaji Sabo, wanda shi ne waliyyinta, ya ce shi fa bai gane ba: ƙato da gemu yana wasan yara, da me zai riƙe mace? Sai da muka yi ta zarya kafin ya amince, bisa alkawarin cewa ranar ɗaurin aure Sagiru zai tashi jirginsa a gaban mutanen Toranke, ya ɗauko musu hoton gonakinsu daga sama, kowa ya ga sana'a ce.

Ni kuwa a Balan ni ne masanin wuta. (Iyakacin karatuna firamare, amma na daɗe ina gyaran rediyo, ina da sola a shago, ina yi wa mutane cajin waya da batirin babur. A ƙauye wannan ya isa a kira ka injiniya.) Shi ya sa ranar ɗaurin auren da sassafe Sagiru ya kawo mini batirin jirgin da cajarsa, don abokai sun cika masa ɗaki. Batirin bai fi sabulun wanki girma ba, yana da fulogi biyu, babba da wani ɗan ƙarami mai siraran wayoyi. Ya jona komai da hannunsa, ya ajiye a kan siminti, ya ce kada in matsa daga wurin, kada in taɓa komai, idan ya cika cajar za ta yi ƙara ta tsaya da kanta.

Na ce, "Sagiru, ni za ka koya wa caji?"

Ya yi dariya ya ce, "Allah ya ba ka haƙuri, Baffa," ya tafi.

Yana fita na durƙusa ina kallon cajar. Lambobi na ta canzawa a fuskarta a hankali kamar mai jin barci. Na ce bari in ɗan taimaka mata, na danna wani maɓalli. Ta yi ƙara, ta rubuto wani Turanci da ban taɓa gamuwa da shi ba, ta tsaya cak. Na danna wani, ta ƙara rubuto wani. Abin da ya kamata in yi a fili yake: in ɗaga waya in kira yaron. Amma yanzun nan na gama tambayarsa ko ni zai koya wa caji.

Sai na juya batirin, na ga an rubuta sha ɗaya da ɗigo ɗaya. Na dubi tsohuwar cajata ta batirin babur, sha biyu. Na ce ai abin da ke tsakaninsu bai ma kai ɗaya ba, 'yan gida ɗaya ne. Ɗan ƙaramin fulogin nan kuwa na ɗauka ado ne na Turawa. Na tura wayoyi biyu a babban fulogin, na maƙala musu bakunan cajata masu cizon nan, ja da baƙi, na tafi wanka hankalina kwance.

Da na dawo batirin ya yi zafi, ya kumbura kamar fanke. Kada ku yi mini dariya, wallahi daɗi na ji. Na ce ka ga yadda ya ƙoshi, ita waccan cajar ta 'yan gayu yunwa take barinsa da ita. Na zira kaftanina na shadda, wanda ba ya fitowa sai da Sallah, na jefa batirin a aljihun gefe tare da makullan shago. Mai ɗakina ta ce in cire tsohuwar rigar da ke ciki in sa farar singileti, na ce wa zai leƙa cikin rigar dattijo? Na hau babur, muka yi ta faɗawa ramukan hanyar Ajingi, batiri da makullai suna ta gaisawa a cinyata.

A ƙofar gidan Alhaji Sabo an shimfiɗa tabarmi a inuwar dogonyaro, jama'a maƙil. Ni ne wakilin ango, don haka aka zaunar da ni gaba, gwiwata na taɓa ta liman. Na tanƙwashe ƙafa, na danne aljihun da nauyina duka. Sagiru na can gefe da abokansa, jirgin na kan benci an lulluɓe shi da zane, yara sun kewaye shi.

Liman ya buɗe da addu'a, ya ce wakilin ango ya yi magana. Na gyara murya na ce ina nema wa ɗana Sagiru auren Hafsatu. Ban rufe baki ba na ji wani huci kamar na kumurci, ga kuma wari mai ɗan zaƙi-zaƙi. Liman ya dubi gefena, ya ja da baya a hankali, ya ce, "Malam, kamar kana hayaƙi."

Na duba. Farin hayaƙi ne ke fitowa daga aljihuna kamar an rura murhu da ɗanyen itace, cinyata kuma ta fara gaya mini gaskiya. Ban san ina da sauran ƙarfin tsalle ba sai ranar. Na fizge kaftanin ta ka, hulata ta yi nata wuri, na wurga shi tsakiyar fili. Yana faɗuwa ya kama da wuta. Dattawa suka watse ba takalma, faifan goro ya kife. Sagiru ne ya sheƙo ya hana wani da ya ɗauko kaftanin zai karkaɗe, ya yi ta tula ƙasa a kai har wutar ta mutu.

Da hayaƙi ya lafa sai na lura ba kaftanin ake kallo ba, ni ake kallo. Rigar da mai ɗakina ta ce in cire tsohuwar rigar kamfe ce, wadda aka raba mana shekarun baya, duk ta huje a hammata. A ƙirjina ga hoton ɗan takara yana murmushi. Alhaji Sabo kuwa kowa ya san shi ne jigon ɗaya jam'iyyar a mazaɓarsu.

Wannan kunyar da sauƙi. Mai wuyar ita ce maganar da na fara ji tana yawo a bayana: ga irin kayan wasan angon nan, ya kusa ƙona mutane, haka zai ƙona musu yarinya a ɗaki. Alhaji Sabo ya kira Sagiru, fuska ba walwala, ya tambaye shi ko haka kayan nasa suke yi. Yaron nan ya dubi ragowar batirin, ya dube ni, na san ya gane komai. Sai ya sunkuyar da kai ya ce a yi haƙuri. Ba zai tona baffansa ba, ko da auren zai tafi.

Na so in yi shiru, ba zan ɓoye muku ba. Amma mutumin da ke tsaye da rigar kamfe a gaban surukai, wane mutunci ya rage masa da zai tattala? Na ce, "Alhaji, yaron nan ba shi da laifi. Ya kawo cajar da ta dace, ya ce kada in taɓa. Ni na cire ta na sa cajar babur, don ina jin kunyar in tambaye shi."

Alhaji ya daɗe yana kallona, ko in ce yana kallon ɗan takarar. Sannan ya cire babbar rigarsa ya miƙo mini, ya ce, "Rufe mini fuskar mutumin nan tukuna. Ba zan ba da 'yata yana yi mini dariya ba."

Aka fashe da dariya, har liman. A cikin rigar Alhaji na karɓi auren, tana jan ƙasa.

Jirgi bai tashi ranar ba. Sai da Sagiru ya samo sabon batir muka koma Toranke, ya tashe shi, Alhaji ya ga gonar gyaɗarsa daga sama har ya gano inda maƙwabcinsa ya ɗan ci masa iyaka. Tun daga ranar ba ya kiran abin wasa. Ni kuma aka ce in tsaya can bayan dogonyaro.

Daga baya na zauna Sagiru ya koya mini, na kuma saurara. Irin wannan batir ɗakuna ne a cikinsa, ɗan fulogin da na raina shi ke sa caja ta cika kowane ɗaki daidai da ɗan'uwansa. Cajar da ba ta da wurinsa, ko ba ta san irin batirin ba, ko ba ta tsayawa da kanta, ba tasa ba ce, ko da bakinta ya shiga. Kumburi kuma ba ƙoshi ba ne.

Har yau in na ratsa Toranke sai wani ya tambaye ni ko da wuta a aljihu. Don Allah, in yaro ya kawo muku abin da ba ku sani ba, ku tambaye shi, ko da ku kuka yi masa wankan jarirai. Kuma in mai ɗakinku ta ce ku canza rigar ciki, ku canza.