Yadda Za Ka Mai Da Kakan Kakarka Jarumi a Fim Ɗin Minti Goma

Kai ɗalibin aikin jarida da aka ce ka kawo fim na minti goma kafin ƙarshen wata, share zufarka. Bi matakan nan shida, na yi maka alkawari za ka ci jarrabawa, danginka kuma su riƙa yawo a Birnin Damagaram suna ɗaga kafaɗa. Na gwada su a kan Sallau, ɗan maƙwabcina, ga shi nan har yau da ransa.

1. Zaɓi wanda ba zai ƙaryata ka ba

Nemi mamaci, wanda ya daɗe ƙwarai. Sallau ya ɗauko Kolo, kakan kakarsa, manomi a ƙauyen Gaffati. A gidansu ana cewa da Faransawa suka zo kwasar maza aikin dole, farkon mulkinsu, Kolo kaɗai suka kasa tafiya da shi. Iyakar abin da aka sani ke nan. Sauran shafi tara na labarin fim ɗin Sallau ya cike da kansa: Kolo ya tare hanya, ya dubi kumandan, Baturen da ke jagorantar sojojin, ido cikin ido, ya yi masa jawabi har sojoji suka sunkuyar da kai.

Kada ka yi bincike. Na lura bincike yana rage wa jarumi tsawo.

2. Yi shela kafin ka taɓa kamara

Gaya wa mai shayi, gaya wa wanzami. Sallau bai kai ga aro kamarar makaranta ba, labari ya riga ya isa kunnen kawunsa, wanda ya rantse ranar nuna fim zai zo da gida duka, ya zauna a layin gaba. Daga nan sunan gidansu ya hau wuyan Sallau, ba kuma halin saukewa.

3. Raba matsayi da adalci

Kowa zai so ya fito a Kolo, saboda haka ba kanka. Kumandan kuwa ba mai so, sai ka lallaɓi wanda ya fi kowa haske a unguwa. Sallau ya samu Suma'ila tela, ya shafa masa farar ƙasa a fuska, ya kifa masa ƙwarya a ka a madadin hular Bature. A rana irin ta Damagaram, kumandanka zai fara narkewa cikin minti huɗu. Ɗauki abin da za ka ɗauka cikin uku.

4. Nemi lungun da zamani bai shiga ba

Babu shi. Inda ba wayar lantarki akwai ɗan kabu-kabu, inda ba ɗan kabu-kabu akwai gaisuwa. A lungunan Birni ba a wuce mutum a yi shiru, ko da kamara ce a hannunsa.

Suma'ila na tsakiyar daka wa Kolo tsawa sai ga surukinsa ya ɓullo. Nan take kumandan ya cire ƙwarya, ya tuɓe takalmi, ya durƙusa.

"Baba, an wuni lafiya? Ya gida?"

Tsohon ya ƙura masa ido. "Lafiya lau, Suma'ila. Me ya same ka a fuska? An kai ka likita?"

Sau goma sha ɗaya suka sake ɗaukar wurin nan, sau goma sha ɗaya mulkin Faransa yana durƙusa wa wani.

5. Guji tsofaffin mata

A nan Sallau ya kauce wa shawarata, ko da yake ba da son ransa ba. Malaminsu, Mushe Mai Nasara (Mushe ake ce wa malamin boko a nan), ya ce ba zai karɓi fim ɗin tarihi ba sai da bakin wani mai rai a ciki. Sallau ya ɗauki kamara da hantsi ya nufi Gaffati wurin kakarsa Rabi, ya zaunar da ita a inuwar rumbu.

"Kaka, faɗa wa duniya yadda Kolo ya tare kumandan."

"Wa ya tare wa, angona?" in ji ta. "Kolo ko akuyar maƙwabta bai taɓa tarewa ba. Da ya hango ƙurarsu, cikin rumbu ya faɗa, ƙarƙashin damman gero. Kwana huɗu ya yi. Kakata ce ke miƙa masa fura ta sama, ita ta ba ni labari da bakinta. Da ya fito, wata guda yana susa saboda ƙaiƙayi."

Sallau ya ji kamar ƙasa ta tsage ya shige. "Kaka, kamara fa na ɗauka!"

"To ta ɗauka mana. Mutum bakwai aka tafi da su ɗaukar duwatsu. Nomau ya tafi, Ado ya tafi, Dodo da ƙanensa sun tafi. Biyu suka dawo. Shekara na zagayowa aka haifi babana. Da Kolo ya tsaya yin jawabin nan naka, da wa zai haife ka har ka riƙe wannan abin yau?"

6. Yanke abin da bai yi maka daɗi ba

Wajen haɗa fim, almakashi na hannunka. Yanke tsohuwar, bar tarinta da "Allah ya jiƙan Kolo", ka wuce.

Kwana uku Sallau yana zaune gaban kwamfuta da yatsa a kan maɓalli. Yana jin kunyar kawunsa, yana tsoron dariyar 'yan aji, amma duk lokacin da ya kai wurin sunayen nan sai hannunsa ya ƙi. A ƙarshe jawabinsa na shafi tara ya yanke, ya bar kumandan mai durƙuso, ya bar Rabi ɗungurungum.

Ranar nunawa aji ya yi dariyar Suma'ila har da riƙe ciki, ya yi dariyar labarin rumbu fiye da haka. Da Rabi ta fara jero sunaye, dariya ta ɗauke. Kawu na layin gaba da sabuwar riga, bai motsa ba sai da aka kunna fitila. Ya juyo ya dubi Sallau, idonsa ya yi ja.

"Dodon nan da ta ambata," in ji shi, "sunansa aka sa wa babanmu. Ban taɓa tambayar dalili ba."

Mushe ya ba Sallau makin da ya ishe shi wucewa, ya rage masa biyu saboda wayar lantarki ta fito a bayan kumandan.

Sanarwa

Mai wannan rubutu ba shi da hannu a duk abin da ya biyo baya: fuskar tela in ta yi ƙuraje, suruki in ya yi fushi, ko sunan da unguwa za ta laƙaba maka. Sallau yanzu Na-Rumbu ake kiransa daga ƙofar gidansu har kasuwa, yana kuma amsawa da ƙarfi. In ka je ka tambayi kakarka, ta gaya maka cikin abin da naka kakan ya ɓuya, kada ka zo ƙofata da ƙorafi. Ni ban tambayi tawa ba, ga shi yanzu ba ta nan.