Yadda Za Ki Auna Nisan Kanada Daga Issawane

Ke da ɗanki ya tahi Kanada, shekara biyar kullum "Inna, nisa ne", jikarki har ta yi baki ba ki taɓa goya ta ba, matso. Wannan dabara ba ta kuskure. A kan Lamine nawa, uban jikata Rufaida, na gwada ta.

1. Kada ki yarda da kilomita.
Zai ce miki dubu kaza ne. Ki ce ba ki yi lakwal ba, ba ki san lissafin boko ba. Kilomita abin masu mota ne, jirgi kuwa ba ya taka ƙasa, balle ya faɗa rami. Ke da salla kike auna hanya.

2. Ki yi tambayar kamar ba komi.
Ki bari sai yana cikin nishaɗi a waya. Ni cewa na yi, "Lamine, ran da ka tahi, ina azahar ta same ka?"

"Maroko, Inna. Da hantsi muka baro Yamai, muka sake jirgi can."

"La'asar hwa?"

"Ai mun sauka Kanada."

Ki sauya magana. Ki tambaye shi ko yana cin abinci.

3. Ki nemo shaida.
Ni Danda direba na kira. Ya ce in ya baro Yamai da hantsi, la'asar ba ta taɓa iske shi ko a Maraɗi ba, balle nan Issawane ta ƙasar Mayahi. To kin ji. Yamai ta hi kusa da Kanada bisa ga Issawane. Ki sa ya maimaita gaban mutum biyu.

4. Ki bar ɗanki ya yi bayani.
Zai ce agogon can daban, wai rana jirgin yake bi, shi ya sa ta ƙi faɗuwa. Wai awa bakwai ne cur bisa ruwa. Ki ce to. Daga nan zai ce dawowar ta hi tsawo, a tashi da magariba sai gari ya waye.

Nan za ki kama shi. "Hanya guda, zuwa kusa, dawowa nesa? Ubanka ma haka hanyar kasuwar Tasawa take yi mishi."

Zai shiga kame-kame. Kada ki taimake shi.

5. Ki rufe magana.
"Tunda tsakanin azahar da la'asar ne, ka kawo mini yarinyar kahin a yanke gero." Sai ki ce ba kya ji, ki kashe wayar.

Ba ruwana.
Ni awon nisa na koya miki, ban ce yaro zai zo ba. Nawa kwana uku ya yi ya bugo ya ce, "Inna, kin yi gaskiya, kusa ne. Na biya miki jirgi, Rufaida na jiranki." Gaban Danda da shaidu biyu. Ran Laraba za a kai ni ɗaukar hoton fasfo. In naki ya yi miki haka, kada ki zo gidana, ba ni nan.