Majigi a Ɗakin Tumakin Inna

Ranar Alhamis da ƙarfe huɗu da kwata na yamma Malam Haladu ya shigo gida rungume da kwali, ya sauke shi a tsakar gida a hankali kamar mai kwantar da jinjiri. Majigi ne, irin ƙaramin nan da ake haɗawa da waya a haska fim a bango. Malam Haladu ma'aikacin safiyo ne, shekara ashirin yana auna filayen mutane, har ta kai ko tabarma zai shimfiɗa sai ya ja da baya ya kanne ido ɗaya ya ga ko ta miƙe. Ya daɗe yana jin haushin yadda kowa a gidan ke dunƙulewa da wayarsa bayan magariba, shi ya sa ya ƙudurta zai tara iyalinsa gaban allo guda duk ranar Asabar.

Wuri ɗaya ne ya dace da wannan aiki, wato ɗakin da ke can ƙuryar gida, mai taga ɗaya da rufin kwano. Matsalar ita ce ɗakin yana da masu shi. Tumakin mahaifiyarsa, Hajiya Delu, su huɗu ne ke kwana ciki, tare da wani tsohon akwatinta na ƙarfe da ke kan bulo a lungu.

Ya same ta tana gyaran zogale, ya durƙusa ya gaishe ta, sannan ya kawo bukatarsa.

"Inna, ɗaki mai siminti da rufin kwano, a bar wa dabbobin da ba su san darajarsa ba? Ai tunkiya ko a gindin mangwaro ta kwana ba ta san bambanci ba. Ba su da hankali fa."

Hajiya Delu ta ɗago ta dube shi, ta mayar da kai kan zogalenta.

"Na ba ka aro zuwa Asabar. Zan zo in gani da idona. In abin arziki ne, ɗaki ya zama naka. In shirme ne, tumakina su koma."

Washegari tun da hantsi aka ɗaure tumaki a gindin mangwaro, suna kallon ƙofar ɗakinsu suna kuka. Malam Haladu ya share, ya wanke, ya turara. Ya toshe taga da kwali. Ya ciro tef ɗinsa na awo ya auna daga bango zuwa inda majigi zai zauna, ƙafa goma sha ɗaya da inci uku, ya zana alama da alli a ƙasa. Ya ɗora majigin a kan turmin da aka kife, ya sa littafi biyu a ƙarƙashi don ya daidaita, ya kunna.

Hoto ya fito, amma bangon ya sha gugar tumaki shekara da shekaru. Jarumin fim ɗin ya bayyana da wani dogon tabo daga kunne zuwa haɓa, ita kuwa jarumar, duk inda ta juya sai maiƙon ya bi ta.

Ya shafe bangon da farar ƙasa. Bango ya shanye. Ya sake shafawa, ya sake shanyewa, tabon ya dawo ya fi na da kyau.

Matarsa Baraka, wadda ke tsaye bakin ƙofa tana danne dariya, ta kawo zanin gado. Aka rataya, aka kunna. Sai ga alƙali a fim yana yanke hukunci da manyan furanni jajaye a goshi. Aka sauke. Malam Haladu ya ɗauko farar babbar rigarsa ta Sallah ya baza ta a igiya. Wannan karon aikin wuyan rigar ya sauka daidai kan hancin kowa, kuma duk wanda ya zo tsakiyar allo sai kansa ya faɗa ramin wuya ya ɓace.

"Malam, ko dai a bar wa tumakin ɗakinsu?" in ji Baraka.

"Ki bar ni in yi tunani."

Yana cikin tunanin ya zauna kan akwatin Inna, murfin ya yi ƙara. Ba a kulle yake ba. Ya ɗaga. Daga sama tsofaffin kwanonin tangaran ne da carbi, daga ƙasa kuma, cikin leda biyu, wani farin yadi ne a ninke, yana ƙamshin turare. Ya warware shi. Fari fat, ba aiki, ba fure, ba ko ɗigon tabo. Ya sa tef ya auna, ya sake aunawa, ya yi murmushi.

"Baraka, zo ki ga ikon Allah. Kamar don wannan bangon aka yanko shi."

"Ka tambayi Inna?"

"Yadin ɗinki ne ta saya ta manta. Aro zan yi, ko ƙusa ba zan buga masa ba. Kafin ta sani na ninke na mayar."

Ya ɗaura igiya, ya maƙale yadin ta sama kamar shanya, ya ja gefe da gefe har ya miƙe sumul. Da ya kunna majigi, hoto ya fito tar, har ana iya ƙirga gashin bakin jarumi.

Ranar Asabar bayan sallar magariba ɗaki ya cika. 'Ya'yansa biyar a gaba kan tabarma, Baraka da matan maƙwabta biyu a baya da farantin gyaɗa, tumaki kuma sun ja igiyarsu iya tsawonta sun leƙo da kai ta ƙofa. Hajiya Delu ta shigo tana dogara sanda, aka ajiye mata kujera a tsakiya, daidai inda Malam Haladu ya auna ya ce nan ne hoto ya fi kyau.

Fim ya fara. Na faɗa ne, da motoci da gudu da tsalle daga saman bene. Yara suna ihu, mata suna salati. Malam Haladu bai kalli allo ba ko sau ɗaya, fuskar mahaifiyarsa yake kallo. Ya ga ta gyara zama. Ya ga ta sa hannu ta ɗebi gyaɗa. A ransa ya ce ɗaki ya zama nasa.

Can sai ya ga ta daina tauna. Idonta ya bar tsakiyar allo ya sauka can ƙasa, gefen hagu, inda wani ɗan jan zare ke ƙulle a bakin yadin.

"Haladu."

"Na'am, Inna."

"Ina ka samo wannan ƙyalle?"

"Ai... aro na yi a akwatinki. Farin yadin nan da kika manta."

"Ban manta ba. Likkafanina ne. Da hannuna na wanke shi da ruwan Zamzam shekarar da na sauke farali, na ƙulla masa jan zaren can don kada a yi kuskure ranar da za a neme shi."

Gyaɗa ta tsaya a bakin kowa. Ɗaya daga cikin matan maƙwabta ta lallaɓa ta jawo takalmanta. A kan likkafanin kuwa, mota ta ci gaba da bin mota.

Malam Haladu ya miƙe zai kashe majigi, ya yi tuntuɓe da wayar wuta, ya dafe turmi.

"Tsaya," in ji Hajiya Delu. "Bari in ga yadda za a yi da wannan mai gashin bakin."

Ya tsaya a sunkuye, hannu ɗaya kan turmi. An harbi mai gashin baki. Ya faɗi, ya tashi, ya yi jawabi, ya sake faɗuwa, ya kira sunan uwarsa, ya yi wani jawabin. Sai da ya ɗauki minti shida cif, don Malam Haladu ya duba agogo, kafin ya karkatar da kai ya cika. Hajiya Delu ta kalla har ƙarshe ba ta ƙifta ba.

"Inna, don Allah ki yafe ni," in ji Malam Haladu. "Wallahi haske ne kawai, ba ya kama yadi. Da an kashe shi ke nan, babu abin da ya taɓa shi. Yanzu zan ninke in mayar miki."

"Ka mayar wa wa? Ga shi nan a gaban jama'a wani ya riga ni mutuwa a ciki."

Baraka ta cusa bakin mayafi a baki ta fice. Malam Haladu ya share gumi, ya dubi alamar allin da ya zana a ƙasa, ya dubi tagar da ya toshe, ya rage murya.

"To... ɗakin fa, Inna?"

Hajiya Delu ta dafa sanda ta miƙe, ta nuna kawunan da ke leƙowa ta ƙofa.

"Kwance su su shigo. Shekara tara suna kwana da akwatin nan, babu wadda ta taɓa buɗe shi."