Teku Ba Ya Gudu, In Ji Ustaz Tauraro Biyar

Duk faɗin Alƙahira, in ana maganar sanin otal, Ustaz Abdulbasit na unguwar Hayyus Sabi' ake sara wa. Shekararsa goma sha ɗaya a Masar. Digiri dai yana nan tafe, amma ilimin otal tuni ya sauke shi har ya fara tilawa. Ya samo shi ne wajen rakiyar alhazan da ke zuwa ganin likita daga Najeriya: su haye sama su kwanta, shi ya zauna a ƙasa yana shan sanyin na'ura yana nazarin kujeru. Shi ya sa ɗalibai suka laƙaba masa Tauraro Biyar, shi kuma ya karɓa hannu bibbiyu, don a ganinsa ma an rage masa biyu.

Matarsa Nana Fatima 'yar Gusau ce. Ta zo ta tarar da shi yana karatu, ta fara nata, ta gama, ta bar shi yana karatu. Saura mako guda ta koma gida, kuma abu ɗaya ke cin ranta: shekara biyar a Masar ba ta taɓa tsoma ƙafa a teku ba. Ta roƙa har ta gaji. Da Allah ya sa wani alhaji ya ba Ustaz kyautar kwana uku a wani otal na bakin teku a garin Ainus Sukhna, ranar ko abinci ba ta iya ci ba don murna.

Suna isa aka ɗaura musu igiyar roba a hannu, alamar su ci su sha iya cikinsu. Aka ba su ɗaki mai kallon ruwa. Ustaz ya ce sam, a sauya masa da wanda ya fi kusa da ɗakin cin abinci. Aka ba shi mai kallon wajen ajiye motoci, ya yaba wa kansa bisa wannan nasara. Sannan ya zaunar da ita ya karanta mata usulubin tafiyar.

"Ki fahimci ƙa'ida, Nana. Abin da ke da lokacin rufewa ana gabatar da shi a kan wanda ba shi da ƙofa. Karin kumallo ƙarfe goma yake tashi. Teku kuwa tun zamanin Fir'auna yake nan, ba ya gudu. Ranar ƙarshe za mu girmama shi da ziyara."

Haka kuwa aka yi. Ƙarfe bakwai Ustaz ya buɗe karin kumallo, ƙarfe goma ma'aikata suka naɗe shimfiɗar tebur daga ƙarƙashin gwiwar hannunsa. An ce ciki ba don tuwo kaɗai aka yi shi ba, shi ma ya yarda, shi ya sa ya ƙara da kifi da kek. Daga nan ya shiga ɗakin motsa jiki da babbar riga, ya hau keken da ba ya zuwa ko'ina, ya sa ta ɗauke shi hoto. Ya hau lifta sau shida alhali ɗakinsu a ƙasa yake. Nana tana biye da shi riƙe da hularsa, tana jin ƙamshin ruwan gishiri a iska.

Washegari a masallacin mata ta haɗu da Sulafa, wata Bahaushiyar Sudan daga unguwar Hayyul Ashir ta Alƙahira da ke aikin wanki a otal ɗin. Sulafa ta gaya mata gobe iska za ta taso, za a kafa jar tuta, ba mai shiga ruwa. Nana ta kai wa maigida labari hankali a tashe. Ya yi murmushi irin na manya, ya ce mai wankin tawul ba za ta koya masa otal ba. Ya miƙe, don an fara gasa kifi a bakin kwamin wanka, kuma layi ya yi tsawo.

Nana ta tsaya ta dubi ƙeyarsa a cikin layin. Ba ta taɓa zuwa ko'ina ba sai da izininsa, amma ai shi ya kawo ta, kuma tekun na cikin otal. Sai ga Sulafa, ta ja hannunta ta ce, "Yalla, mu je, 'yar'uwa." Suka bi ta bayan ginin. Da abayarta ta shiga, kamar yadda ta ga matan Masar suna yi. Ta ɗanɗana ruwan, ta yi dariya, sai kuma ga hawaye. Ko da ta dawo ta canza kaya, Ustaz yana faranti na uku, bai ma san ta motsa ba.

Ranar ƙarshe iska ta taso. Ustaz ya gama tattara ƙananan sabulai da silifa, ya doshi mai karɓar baƙi ya tambayi hanyar teku. Mutumin ya ce ma'alish, wato a yi haƙuri, an kafa jar tuta. Ustaz ya zuba masa Larabcin littafi na minti goma, har da baitocin waƙa, mutumin ya sake cewa ma'alish. Motar Alƙahira ta yi oda. Ustaz ya shiga yana cewa tekun da bai iya karɓar baƙi ba shi ya yi asara.

Kwana biyu da dawowa ya tara sababbin ɗalibai a falonsa don darasin cin moriyar otal, igiyar robar tana nan a hannunsa. Wani mai suna Kamilu ya tambaya ko tekun na da zurfi daga baki. Ustaz ya gyara zama.

"Zurfi? Taku ɗaya ya shanye raƙumi. Ni kaina sai da na yi amfani da ƙwarewa."

Daga bayan labule muryar Nana ta fito a hankali.

"Iya gwiwa ne, Malam, ko ka yi taku talatin."

Ustaz ya juya ya tambayi labulen a ina ta sani.

"Lokacin kana layin kifi."