Ƙafafun Wakilinmu a Majalisar Hiroshima

Wani mutum ne daga ƙauyukan kan dutse na wajenmu, manomin shinkafa, aka zaɓe shi wakili lokacin majalisar ƙasa ba ta fi shekara huɗu da kafuwa ba. Bai gama murna ba yaƙi ya ɓarke, aka kwashi majalisar ɗungurungum aka kai Hiroshima, inda sojoji ke hawa jirgin ruwa. Ranar da zai tafi dattawan gari suka raka shi har bakin gada.

Babbansu ya ce, "'Ya'yanmu talatin suna cikin jiragen nan, ga sanyi na tafe. In aka zo maganar abincinsu da bargunansu, ka tashi tsaye kowa ya gan ka. In ka ba mu kunya, nemi wani garin."

Ya ce, "Baba, tashi tsaye kawai? Ai an gama."

To, mutumin naku tun da aka haife shi bai taɓa zama a kujera ba. Da ya shiga zauren katakon da aka kafa cikin gaggawa, sai ya tuɓe takalman katakonsa, ya jera su, ya haye kujera ya naɗe ƙafafu ya zauna a kan dugadugansa, kamar yadda muke yi a tabarma. Maƙwabcinsa na zama, wani wakili mai suna Inuzuka, ya zungure shi.

"Ɗan'uwa, sauke ƙafafun nan ƙasa."

"In miƙe ƙafa a gaban manya? Ba haka aka rene ni ba."

Aka shiga jawabi. Wannan ya yi awa guda, wancan ya yi awa guda, wani mai gashin baki ya yi awa ɗaya da rabi yana dukan tebur. Can aka ce wanda ya yarda a aika wa sojoji abinci da barguna ya tashi tsaye. Zaure ya miƙe ɗuu. Mutuminku ya yunƙura, ina! Ƙafafu sun mutu murus, daga ƙugu zuwa ƙasa kamar na wani ne aka ba shi ajiya.

Inuzuka ya ce ƙasa-ƙasa, "Tashi mana!"

"Ai na tashi. Su ne ba su biyo ni ba."

Ya tuna maganin kakarsa, ya lakaci yawu ya shafa a goshi sau uku. Shiru. Ya ƙara sau uku, har goshin ya fara ƙyalli. Inuzuka ya kama wuyan rigarsa ya ja, rigar ta tashi, mai rigar yana nan. Magatakarda Kuwabara ya dube shi ta saman tabarau, ya rubuta: mutum ɗaya bai yarda ba.

Kafin la'asar gari ya ɗauka. Mai sayar da taliya ya gan shi ya kife tukunya. Matar mai masauki ta ajiye masa shinkafarsa a bakin ƙofa, wajen da kare ke cin tasa. Sai ga wayar tangaraho daga dattawa, kalma uku cur: "Kada ka dawo."

Ya zauna yana sharɓar hawaye. "Inuzuka, na shiga uku. Ni da na ba sojoji buhu goma na shinkafata, yau ni ne maci amana?"

Inuzuka ya ce, "Share hawayenka. Gobe akwai zama. Duk abin da aka kawo, a gan ka a tsaye, zance ya wuce."

Da safe mutumin ya ce shi kam ya daina amincewa da gwiwoyinsa. Ya shiga bayan masauki ya saro gora huɗu, ya ɗaure biyu-biyu a kowace ƙafa, daga idon sawu har cinya, ya tamke da igiyar shinkafa, ya saki wandonsa mai faɗi a kai. Mai keken ja ya ce ba zai shiga ba sai dai a jingina shi, haka aka kai shi majalisa a jingine kamar tsani.

Aka buɗe zama, yana tsaye. Aka ce a gode wa sojojin ruwa, yana tsaye. Aka ce a buɗe tagogi, yana tsaye. Har wani ya nemi izinin zagayawa bayan gida, yana tsaye yana gyaɗa kai. Daɗi ya kama shi, sai waige yake ko 'yan jarida na kallo.

Sai mai gashin bakin nan ya miƙe ya ce shi bai yarda a ci gaba da zama da wanda ya hana sojoji bargo ba, a kore shi daga majalisa. Aka ce wanda ya yarda ya tashi. Wasu suka tashi, wasu da suka ji labarin ƙafafun suka zauna suna dariya. Kuwabara ya ƙirga, ya sake ƙirgawa. Saura mutum ɗaya adadin kora ya cika. Ya ɗago kai, ga mutumin naku ƙiƙam, ya bankaro ƙirji.

Inuzuka ya finciki wandonsa. "Zauna! Kai za a kora!"

Ya yunƙura zai zauna, gora ta ce ba da ita ba. Ya danna, ya murɗa, ya lakaci yawu ya shafa a goshi. Ko gezau.

Kuwabara ya tausaya masa, ya ce, "Ranka ya daɗe, zan goge tabarau. Kafin in mayar, ka yi dabara."

Ya goge, ya hura, ya sake gogewa, ya mayar. Mutumin yana nan, har ya fi kowa tsawo. Kuwabara ya rubuta.

Masu gadi biyu suka ɗauko shi a kwance, ɗaya kai ɗaya ƙafa, kamar azara. A bakin ƙofa wani ɗan jarida ya biyo su da gudu, ya sunkuyo kansa.

"Ranka ya daɗe, yanzu me za ka gaya wa mutanen garinku?"

Ya ce, "Rubuta musu da manyan baƙaƙe: maci amanar nan da ya ƙi tashi jiya, da ƙuri'ata aka kore shi."