Ranar da Na Yi wa Ƙanwata Dillanci a Gaban Farfesoshi

Ba zan taɓa mantawa da ranar da aka buɗe mini baki a gaban farfesoshi uku a Yamai ba.

Ni dillalin dabbobi ne a kasuwar Gure, kuma ban taɓa sayen raƙumi ta hoton waya ba. Sai na ga haƙora, na ga tafiya. Ƙanwata Falmata ta gama karatun likita, ta ci rubutaccen konkur, wato jarrabawar neman gurbin ƙwarewa a tiyata, saura ganawa ido da ido. Gurbi kaɗan ne, wanda ya faɗi sai baɗi. Da ta yi mini wannan bayani na ce ai fannina ne: sun ga hoto, yanzu haƙora za su duba. A wurinmu kuwa mai kaya ba ya yabon kayansa, aikin dillali ne. Na zura babbar riga na bi ta Yamai cikin kar, babbar motar fasinja.

Ta roƙe ni in zauna a benci a waje, na kuma zauna har aka kira sunanta. (Wallahi ƙafafuna ne suka tashi, ba da shawarata ba.) Na bi bayanta, na yi sallama, na ce ni ne mai tsaya mata.

Na fara da yabo: tana da juriya, ba ta laulayi, ba ta da ci. Sannan na zo inda dillalin kirki ya bambanta da ɗan damfara, wato faɗin aibi kafin a ƙulla ciniki, don kada a dawo maka da kaya. Na ce tana da taurin kai, ba ta karin kumallo, kuma tana 'yar shekara tara ta suma ranar Layya da ta ga jinin rago.

Mai neman tiyata fa. Sai da na ga ta runtse ido na gane abin da na aikata.

Babbar cikinsu, wata dattijuwa mai tabarau, ta tambaye ni da Hausa ko na gama. Ta juya ga Falmata ta ce dama akwai tambaya kan duba majiyyaci, tunda ta zo da nata, bismilla. Ta ce kuma Falmata ta yi bayanin da Hausa, yadda mai ciwo zai gane.

"Yaya, hau gadon can. Cire hula. Buɗe baki."

Ta leƙa haƙorana, ta ja fatar idona, ta auna jinina, ta sa na yi tafiya zuwa ƙofa na dawo sau biyu. Daidai yadda nake yi wa raƙumi, wutsiya ce kawai ba ta ɗaga ba.  Ta ce goro ya gama da turamen haƙorana, jinina ya hau, kuma tun bara ta lura da tafiyata: gwaiwa ce, a sa likita namiji ya tabbatar. Abin da na shekara uku ina ɓoyewa cikin babbar riga, ko matata ba ta sani ba.

Dattijuwar ta ce, "Alhaji, ba ta suma ba. Kai ne ka jiƙe da gumi."

Falmata ta samu gurbin. Ni ma na samu nawa, gado a sashensu, bayan wata biyu.

Har gobe ina faɗin aibin kaya kafin ciniki, sana'ata ce. Sai dai yanzu nakan fara tabbatar da cewa kayan ba ya magana.